Ɗaya a Kunnena, Ɗaya a Korgom

A kan tagar ɗakina, kusa da inda nake rataye carbi, akwai wani ɗan akwatin roba fari, bai fi ƙwan zabo girma ba. In an buɗe shi ramuka biyu ne a ciki, amma kullum guda ne ke da abu. Duk baƙuwar da ta ɗauka ta duba sai ta ce, “Ayya, ɗayan ya ɓace?” Sai in ce bai ɓace ba, yana Korgom. Daga nan labari ya kan yi tsawo, don ba ya fahimtuwa sai an faro shi daga Inna.

A Mayahi aka haife ni, can na yi karatun lakwal har aji huɗu na kolej kafin aure ya kawo ni Tasawa. Inna, mahaifiyata, mace ce mai jiki, mai fara'a, mai son gishiri ya ji a miya. Wata safiya tana tankaɗe sai rariya ta suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace. Shekara uku ta yi kwance, ɓarin jikinta na dama ba ya motsi. Mu ɗiyanta mata muka riƙa karɓa-karɓa, kowa ta je ta yi wata guda. Na san nauyin Inna a hannuna. Na san yadda ake juya mutum don kada bayansa ya yi gyambo, na san yadda idonta ke cika da ƙwalla in ana yi mata tsarki, ita da ko ƙaurinta ba ta son a gani. Ba ciwon ne ya fi cin ta ba, kunyarmu ce. Ranar da Allah ya amshi abinsa na yi kuka, na kuma yi wata addu'a da ban gaya wa kowa ba: ya Allah, kada ka sa ɗiyata ta juya ni.

Bayan shekara biyu sai ciwon kai ya fara mani, can a ƙeya, da jiri in na duƙa gaban murhu. Na je likita. Majon, wato jami'in lafiyar da ke duba mu, mace ce, ba ta girme ni ba, maganarta ba kwana-kwana. Ta ɗaura mani abin awo a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa.

“Madam, akwai mai tansiyo, hawan jini, a gidanku?”

Na ce Inna.

“Tana ina yanzu?”

Na ce ta riga mu gidan gaskiya. Ta yi mata addu'a, ta rubuta mani magani, ta ce in rage gishiri da dunƙulen miya. Sa'annan ta aje alƙalami ta ce, “Kuma sipor. Tafiya da sauri, kullum, sai kin jiƙe da zufa.”

Na yi dariya. “Ni da tun asuba nake tsaye? Shara, wanki, girki, ga awaki.”

“Wannan gajiya ce, ba sipor ba. Zuciyar nake son ta motsa, ba hannu ba. In kina iya ƴar sassarfa ma, ki haɗa.”

Maigidana ma'aikacin biro ne, aikin ofis, mutum mai sanyin hali, abin da ya fi ƙi a duniya shi ne a yi da shi a gari. Da na kai mashi maganar sai ya ce, “In dai magani ne, ki je. Amma ki bi hanyar gonaki, kada ki bi ta bakin tasha.” Washegari ya shigo da takalmi mai igiya irin na ƴan makarantar lise, ya aje a ƙofar ɗakina. Har yau in na tuna wannan ajiyar sai in sa mashi albarka.

Sai dai a garinmu mace ba ta fita haka kawai. Ko biki, ko gaisuwar rasuwa, ko likita, ko kasuwa. Ranar farko ban kai ƙarshen unguwa ba sai da aka tsayar da ni sau bakwai. “Lafiya da sassafe haka?” “Wa ya rasu?” “Ko haihuwa aka yi?” Wani ɗan kabu-kabu ya ja birki ya ce, “Hajiya, hau in kai ki, ko ba ko sisi.” Kowace gaisuwa kuwa sai an tambayi maigida, da yara, da gajiya, da mutanen Mayahi. Kafin a ida, ƴar zufar da na tara ta bushe.

In na wuce gidaje na shiga gonaki kuma, sai wata matsalar. Shiru. Ba abin da nake ji sai bugun zuciyata, ni kuwa tsoronta nake. In ta yi sauri sai in ce to, ga shi nan ya zo, nan za a iske ni kwance cikin yashi da karkataccen baki. Sai in juya gida. Sati biyu ina wannan rabin tafiya.

Ɗiyata ta fari, wadda ba na kama sunanta, tana karatun koyarwa a Maraɗi, lokacin ta zo hutu. Ita ta gane abin da ke koro ni. Ta amshi wayata ta zuba mani tilawar wani malami mai sanyin murya, ta ba ni ekutar ɗinta, abin sauraren nan mai igiya da ake sa wa a kunne. Karatun ya yi mani magani, gaskiya, don in yana cikin kunnena ba na jin zuciyar. Igiyar ce ba mu shirya ba. Wayar tana ƙulle a zane, igiya ta bi ta ƙarƙashin hijabi ta hau, in na wurga hannu sai ta sarƙe a gwiwar hannuna ta fizge. Ta kama ɗan kunnena sau biyu har ya yi jini. Wata rana ta jawo wayar gaba ɗaya ta faɗa cikin yashi, na duƙa ina tono kamar mai biɗar gujiya.

“Mama,” ɗiyata ta ce, “akwai marar igiya. Gobe mu je kasuwa.”

Mai butik ɗin dattijo ne, gemunsa ya fara furfura, an ce da can gyaran rediyo yake yi. Da muka faɗi abin da ya kawo mu sai ya tambaya, “Na zama ko na gudu?”

“Na gudu,” in ji ɗiyata.

“To ai ku yara kowanne ma kuka sa...”

“Ba ni ba. Mama.”

Ya ɗago ya dube ni, da hijabina har idon sawu. “Masha Allah! Hajiya, gasar tsere za a shiga?”

“Da tansiyo nake tsere,” na ce.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce yayansa ma ita ta kayar da shi a gona. “Allah ya ba ki nasara a kanta. Zauna, sai mun samo wanda ya dace.”

Ya zuba mana iri uku a kan gilashi. Akwai mai ƙugiya da ke maƙalewa a bayan kunne, ya ce shi ƴan ƙwallo ke so, ko an yi tsalle ba ya faɗuwa. Na gwada, amma da na mayar da hijabi sai ya danne ƙugiyar a kan ƙashin kunnena, kafin in ƙirga goma ya fara zafi. Akwai wanda ƴar igiya ta haɗa biyun ta bayan wuya. Na ce ni daga igiya na gudo, kuma wannan ya yi kama da abin da nake ɗaura wa akuyata. Ɗiyata ta ce, “Mama, don Allah, a gaban mutane.” Na ukun ƙanana ne, kamar ƙwayar gurjiya, kowanne da ɗan bakin roba, suna kwance cikin akwatinsu. Mai butik ya ce akwatin da kansa yana riƙe caji, ko wutar kuran ta ɗauke kwana biyu ba zan rasa na tafiya ba, kuma an yi su don zufa, in dai ina goge su ba na jiƙa su a ruwa.

“Sai dai zamansu a kunne,” ya ce. “Kunne kowa da nasa. Sa, ki girgiza kai.”

“A nan?”

“To a gida za ki gane ya faɗi?”

Ɗiyata ta ware mayafinta ta kare ni daga masu wucewa, ni kuwa, uwar ƴaƴa biyar, na tsaya a butik ina kaɗa kai kamar akuyar da ƙuda ya shigar wa kunne. Na hagun ya fito, ya gangara cikin hijabi ya tsaya a wuyana. Mai butik ya ce, “Kin ga, ke kin fi maza sa'a, naki ko ya faɗi yana da raga.” Ya cire bakin robar ya sa ƙarami. Na sake girgizawa, har da ɗan tsalle, suka zauna daram.

Sai ɗiyata ta kunna karatun.

Kasuwar Tasawa ta ɓace. Injin niƙa da ke bayan butik, da masu kiran ciniki, da babura, duk kamar an rufe su cikin tulu. Ina ganin bakin mai butik yana motsi, ba na jin komai sai muryar malam, kamar a gabana yake zaune. Tun da na yi aure ban taɓa samun shiru irin wannan ba. Da na cire, idona ya kawo ruwa.

“Wannan shi ne mai kyan,” in ji mai butik. “Ko jaki ya yi kuka a kafaɗarki ba ki ji. Amma ki kula da babura a hanya.”

Na ce hanyata yashi ce, babur ba ya gudu a cikinta. Aka yi ciniki muka taho. Mu uku mun yi tunanin zufa, mun yi tunanin caji, mun yi tunanin babura. Ba wanda ya tuna da sallama.

Ɗiyata ta koma Maraɗi, ni kuwa tafiya ta yi daɗi. Da gari ya waye sarai, na sallami yara lakwal, sai in ɗaura takalmi in toshe kunne biyu in fita. Kaina a ƙasa, kamar yadda aka koya mana tafiya tun muna ƴan mata, bakina yana bin malam. Ba mai tsayar da ni kuma, na ɗauka mutane sun saba ne. Har sassarfa na fara in na shiga tsakanin gonaki inda hatsi ya rufe ni. Ciwon ƙeya ya tafi. Da na koma awo majo ta ce, “To, yanzu muka fara magana.” Na lura wasu maƙwabta sun rage sakin fuska, wata ma da muke musayar wutar girki da ita ta daina aikowa, amma ban haɗa wannan da wancan ba. Abin da ban gane ba shi ne, saurayi in ya sa irin wannan abu ana hango farinsa a kunne, a yi mashi uzuri. Nawa yana ƙarƙashin hijabi. Abin da mutane ke gani kawai shi ne matar wane ta wuce, an yi mata sallama, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Gwaggo yayar mahaifin maigidana ce. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, daga ɗakinta ya yi lakwal, don haka ita ce surukata ta gaske. A Korgom take zaune, tun ranar da aka kawo ni kuwa ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai ƴar Mayahi. Wata ranar kasuwa, ashe ta kwana a wani ƙauye kusa da gari wurin suna, da safe ta biyo amalanken masu kawo hatsi, ita da wasu mata, za ta sauka gidanmu. Na tuna amalanken. Na ga ƙafafun shanu, na ratse gefe na ba su hanya, na wuce abina.

Da azahar maigida ya shigo, bai zauna ba.

“Kin ga Gwaggo yau?”

“Gwaggo ta zo? Tana ina?”

“Ta koma. Ta ce ta hango ki tun daga nesa, har tana nuna wa matan da ke amalanke, ga matar ɗana can. Ta yi maki sallama sau uku. Ta kira ki ƴar Mayahi. Kika raɓa ta gefenta kina wurga hannu.”

Ƙullin daddawa da kuka da ta kawo mana ma a gidan maƙwabta ta bar shi.

“Kuma ba ita kaɗai ba,” ya ce. “An sha yi mani magana a masallaci, ina cewa ba halinki ba ne. Yanzu kam a dakata da tafiyar nan.”

Bai ɗaga murya ba, ni ma ban yi musu ba. Me zan ce? Sallama haƙƙi ce, na san wannan tun ina allo. Na zaga gidajen maƙwabta na ba da haƙuri, wasu suka yi dariya, wasu suka ce ba komai da irin muryar da ke nuna akwai komai. Gwaggo kuwa maigida ya kira wayar maƙwabcinta sau biyu, ta ce a ce tana gona.

Na gwada tafiyar a tsakar gida. Daga murhu zuwa turken awaki taku goma sha biyu ne, in na kewaya sau ashirin sai jiri ya kama ni, awaki suna bina da ido. Na bari. Kafin sati uku ciwon ƙeyar ya dawo. Wata safiya ina kwasar koko sai ludayi ya suɓuce daga hannuna. Hannun ne da ruwa, ba wani abu ba, amma na zauna daɓas a ƙasa ina taɓa bakina, ina motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da maigida ya fito ya iske ni haka, na ce, “Malam, ka kai ni Korgom.”

Ranar da ba aiki muka hau babur. Ƙarshen damina ne, hatsi ya yi kai, sau biyu muna tsayawa garken shanu ya ƙetare hanya. Akwatin yana ƙulle a bakin zanena, ina ta tisa abin da zan faɗa.

Mun iske Gwaggo a gindin bishiyar tsakar gidanta tana ɓarar gujiya. Ta haura saba'in, siririya, bayanta a miƙe, ƙafarta da ƙurar gona. Ta amsa gaisuwar ɗanta da tsawo, har da tambayar babur. Da na durƙusa na gaishe ta sai ta dubi maigida.

“A'a, ashe tana magana?”

“Gwaggo, ki yi mani aikin gafara. Wallahi ban ji ki ba.”

“Kurma kika zama? Ba a aiko an gaya mani ba.”

Na kwance akwatin na buɗe a gabanta, na yi bayani iyakar iyawata. Ta ɗauki guda da yatsu biyu ta juya shi.

“Wannan? Wannan ƴar ƙwayar ce ta hana ki jin muryata? Ni da nake kiran awaki daga nan su ji ni a fadama? Ƴar Mayahi, in za ki yi mani ƙarya ki biɗo babba.”

Na ce ta bari in sa mata. Ta ce Allah ya kiyaye, ya shige ya ƙi fita, a kai ta likita a tsaga mata kai. Sai da maigida ya rantse mata cewa yana fita, sa'annan ta ture kallabi baya ta miƙo kunne, fuska a murtuke. Na sa mata duka biyun, na kunna karatu.

Hannunta ya tsaya a cikin gujiya. Murtukewar ta saki a hankali. Ta kafa ido a ƙasa, leɓenta ya fara motsi.

Ana haka sai ga ƙawarta ta shigo ta bayanta da ƙwaryar nono a ka, wata Bafillatana tsararta da suka fi shekara arba'in tare. Ta yi sallama, muka amsa, Gwaggo shiru. Ta sake yi, ta ɗaga murya. Shiru. Ta sauke ƙwaryar ta riƙe ƙugu.

“Ke tsohuwa! Don baƙin birni sun zo shi ne kika daina sanin mutane? Salamu alaikum na ce!”

Maigida ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa tsoro ya hana ni dariya. Matar ta matso ta dafa kafaɗar Gwaggo, Gwaggo ta zabura har gujiya ta watse. Na yi sauri na cire mata.

“Yaushe kika shigo kamar ɓarauniya, ba sallama?”

“Ba sallama? Sau uku! Tambayi ɗanki.”

Gwaggo ta dubi maigida, ya ɗaga yatsu uku. Ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, ƙawarta tana bubbuga mata baya tana cewa ita fa ba a gaya mata abin dariyar ba.

Da ta lafa ta goge ido, sai fuskar ta koma daidai. “Na yarda ba raini ba ne. Amma laifi yana nan, don ke kika toshe da hannunki. Wa ya ce maki Allah yana son ki saurari maganarsa ki bar bayinsa tsaye da sallama a baki?”

Na ce haka ne.

“To wai ma ina kike zuwa da wannan saurin? Ba gona gare ki ba.”

Nan na gaya mata. Na faɗi abin da majo ta ce, da ludayin da ya suɓuce, sa'annan abin da ban yi niyya ba ya fito, addu'ar nan da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko maigida a ranar ya fara jin ta. Gwaggo ta san Inna, ta je Mayahi ta duba ta sau ɗaya tana kwance. Ƙawarta ta ce, “Allah sarki,” ta zauna a bakin tabarma.

Sai Gwaggo ta juya kan ɗanta. “Kai kuma sai ka hana ta?”

“Gwaggo, saboda ke ne, da maganar mutane.”

“Saboda ni? Na aiko ka? In ta kwanta, masu maganar ne za su zo su juya ta? Ni da kake gani, me ya riƙe ni in ba zuwa gona da dawowa ba? Gobe ta fita.”

Ta miƙo hannu na ba ta akwatin. Ta zaro na hagun, ta kama bakin zanenta ta ƙulle shi tam, ta mayar mani da saura.

“Wannan ya zauna nan. Kunne ɗaya na karatu, ɗaya na mutane.”

“Gwaggo,” in ji maigida, “ai ba ya magana in wayar ba ta kusa.”

“Wa ya ce maka ina son ya yi magana? So nake in san inda yake.”

Ta sa aka dama mana fura da nonon ƙawarta, ta cika mana buhu da gujiya, ta raka mu har bakin hanya tana yi mani faɗan na rame.

A hanya ina ta fargabar ko guda ba ya aiki shi kaɗai. Da muka iso na gwada, ya yi. Washegari na ɗaura takalmi.

Tafiya da kunne ɗaya sai da na koya. Na rage ƙarar karatun yadda ba zai danne hagun ba. In an yi sallama ina amsawa da ƙarfi, in ɗaga hannu, in ce, “Lafiya lau, maganin likita nake sha da ƙafa, sai na dawo!” ba tare da na tsaya ba. Da farko ana dariya, daga baya aka saba, har wata tsohuwa a ƙarshen unguwa in ta hango ni sai ta ce, “A buɗe hanya, ga mota!” In na dawo da zufata nakan tsaya in ba kowace gaisuwa haƙƙinta. Maƙwabciyar da ta daina aiko ɗibar wuta yanzu takan bi ni wasu ranakun, ita ma an auna ta an ce tana da tansiyo, sai dai ita surutu ne karatunta. Ranar da muke tare ina barin akwatin a taga.

Akwai kuma abin da ban zata ba. Kunnen da aka bar mani a buɗe ya riƙa kawo mani kukan kurciya, da ƙarar amalanke tun tana nesa, da masu gona suna kiran juna. Har bugun zuciyar ina ji, amma yanzu na daina tsoronsa, na gane aikinta take yi. Ina shan maganina, ina zuwa awo, majo takan duba ta gyaɗa kai ta ce in ci gaba. Ban san abin da Allah ya rubuta mani ba, Inna ma ba don ta yi laifi ta kwanta ba. Amma duk safiyar da na sunkuya na ɗaure igiyar takalmi da hannuna biyu, sai na ce alhamdu lillahi kafin in miƙe.

Bayan wata takwas na daman ya fara shaƙewa, zufa ta gama da shi, wata rana ya yi shiru gaba ɗaya. Na sa maigida ya kira Korgom ya roƙar mani na hagun. Amsar da Gwaggo ta aiko ita ce, a kawo mataccen a amshi mai ran. Haka aka yi. Wani maƙwabcinta da ke zuwa kasuwa ya tafi da nawa, ya dawo da nata a naɗe cikin tsumma, an cusa shi tsakiyar ƙullin daddawa don kada ya ɓace. Na sa shi a akwati ina cewa ya daɗe bai sha caji ba, da wuya ya tashi. Can sai ƴar fitilar ta kama. Sati guda ina tafiya kunnena na hagu yana ƙanshin daddawa.

Kwanan baya ɗiyata ta fara aiki, ta kira ni ta ce ta ga wasu sababbi a Maraɗi, sun fi nawa riƙe caji, za ta sayo mani. Na sa mata albarka. Na ce ta dubi masu ƙaramin bakin roba, kuma in ta sayo ta fara biyawa ta Korgom, ta ba Gwaggo nata.